Awon Jinina a Hannun Sista Miriam

Masu karatu, sannunku da aiki. Wanda ya san ni ya san ni. Wanda bai sani ba, sunana Tobias, bakaniken Keke Napep ne ni a Nukkai, gab da gada. Firamare na yi, ita ma ban ƙarasa ba, don haka mai neman daɗin baki ya leƙa wani shafi. Ni abin da ya faru zan faɗa, kuma yadda ya faru.

Matata ta rasu da daɗewa. Ta bar min 'ya ɗaya, Jennifer, tana karatun malanta. Tun daga nan ban ƙara ɗaga ido na kalli mace ba. Daga gida sai gareji, daga gareji sai coci ran Lahadi, in na ga dama. Sai bara da damina ciwon kai ya matsa min, ya kai ni ƙaramin asibitin unguwarmu.

A nan na same ta. Ba fara ba ce, ba doguwa ba ce. Farar rigar aikinta ta sha wanki har wuyan ya fara sakin zare, takalmin roba a ƙafa, tabarau a goshi, ga wushirya da ba ta fitowa sai in ta ga dama.

"Baba, miƙo hannu," in ji ta.

Na ce, "Ni ba babanki ba ne."

"To Oga, miƙo hannu."

Ta naɗe min hannun riga da kanta. Ta ɗaura abin awo, ta tallafe gwiwar hannuna da tafinta, ta fara matsa ɗan famfon nan. Jama'a, ban da musabaha a coci, rabon da wani ya riƙe ni haka har na manta. Ƙamshin sabulunta ya shiga hancina. Na ji wani abu yana buga min a kunne kamar injin da filoginsa ya jiƙe.

Ta sauke tabarau ta dubi allurar abin awon. "Ɗari da saba'in! Oga, jininka ya hau. Ka rage gishiri, ka rage magi, ka dawo ran Talata."

Na dawo ran Talata. Na dawo Talatar da ta biyo baya. Ban taɓa fashin Talata ba, ko da ruwa ya cika gadar Nukkai.

Bari in gaya muku wace ce Sista Miriam, don ku san abin da na kusa lalatawa. Mijinta ya rasu ya bar mata ɗa ɗaya. Ta yi karatun lafiya, tana da takardarta, amma aikin sa-kai take yi a asibitin nan shekara da shekaru, babu albashi. Rabin yaran unguwarmu a hannunta suka faɗo duniya. Masu haihuwa ne ke kawo mata doya, wani ya kawo kifi, ita kuma ta haɗa da sayar da zoɓo a kula. Duk lokacin da gwamnati ta buɗe gurbi sai ta nema, sai a ɗauki wasu a bar ta.

To labarin hawan jinina ya kai kunnen Adda Rebeka, yayata, wadda ta goye ni ina ƙarami kuma har yau ba ta yarda na sauka ba. Washegari sai ga ta da jaka. Ta shiga kicin ta kwashe gishiri, ta kwashe magi, ta kwashe har ɗan yajin da nake ɓoyewa a bayan tukunya. Daga ranar miyata ta zama lami. Sakwara mai kyau, doyar Mumuye fara tas, amma miyar kamar an ɗebo ta daga kogi.

"Ci! Ni ba zan binne ƙanena ba," in ji ta. "Da ka ji maganata ka auri Caroline mai waƙa a kwayar coci, da yanzu akwai mai lura da kai. Tana nan zaune, ga hannu a girki, ga murya."

Na ce, "Adda, muryar ce matsalar."

Ta jefe ni da mara.

A can asibiti kuwa allura ba ta sauka. Sista ta ba ni wasu 'yan ƙwayoyi, na sha. Bai sauka ba. Ta ce, "Oga Tobias, wannan ya fi ƙarfina. Ka tafi babban asibiti likita ya duba ka." Na ce to. Ban je ba. A babban asibiti akwai Miriam ne?

Jennifer ce ta tona abin, lokacin da ta zo hutu. Ina ƙarƙashin wata keke, na miƙe, jiri ya ɗebe ni na zauna a cikin baƙin mai. Ta ja ni sai kemis na bakin titi. Mai kemis ya auna. Ɗari da goma. Jennifer ta ce injinsa ya lalace, ta kai ni wani kemis a unguwar Majidaɗi. Nan ma haka.

Muna cikin keke za mu koma, ta juyo tana kallona ta gefen ido.

"Baba, wa ke auna ka a asibitin?"

"Ma'aikaciya."

"Wace ma'aikaciya?"

"Ke 'yar sanda ce?"

"Mai wushirya?"

Na juya ina kallon titi. Yarinyar nan ta yi dariya har direba ya rage gudu ya waiwayo. Na daina shan ƙwayar daga ranar, jiri ya tafi. Amma ban gaya wa Adda ba, ban gaya wa Sista ba. Me zan ce? Mutum da furfura a gemu ya tsaya ya ce zuciyarsa ce take rawa? Na ci gaba da shan miya lami, na ci gaba da zuwa Talata. Jennifer kuwa ta samu abin yi. Duk Litinin da yamma sai wayata ta yi ƙara:

"Baba gobe Talata. A goge riga."

"Baba na sa turare a kan taga. Feshi biyu ya isa, ba maganin sauro ba ne."

Ana nan sai sanarwa ta fito. Na fara ji a rediyo a gareji, sai mai shela ya zaga da lasifika a kan keke, ran Lahadi kuma sakataren coci ya karanta bayan an karɓi baikon coci. Wai gwamnati za ta ɗauki ma'aikatan lafiya, kuma kafin nan kwamiti zai zaga ƙananan asibitoci ya ji ta bakin jama'a kan yadda ake kula da su. Masu aikin sa-kai da unguwa ta shaide su, su za a fara dubawa.

Talatar nan na samu Sista fuskarta kamar an kunna fitila. Ta ce ta je kafen intanet ta cike komai, har hoto ta sake ɗauka.

"Oga Tobias, ka zo ran taron fa. Kai ne majiyyacina da ba ya fashi." Ta rage murya tana kwance abin awo. "In wannan ma ya wuce ni, na haƙura. Shekaruna sun kusa wuce na ɗauka. Ɗana zai shiga sakandare, da zoɓo ba zan iya ba."

Na ce, "Zan zo." A raina na ce ko da rarrafe.

Ranar taro na wanke farce da fetur da omo har suka yi ja. Na ciro shaddata shuɗiya ta Kirsimeti, na sa hula, na sa takalmi sau-ciki da ke matse min ɗan yatsa. Jennifer ta zagaya ni ta ce, "Baba, taron asibiti ne ko ɗaurin aure?" Adda Rebeka ita ma ta shirya, atamfar zumuntar mata, ɗauri ya kai rufin ɗaki. Na ɗauka yabo za ta je yi. Ban tambaye ta ba. Da na sani da na kulle ta a kicin.

An jera bencinan coci a ƙarƙashin mangwaron asibiti. Mai unguwa yana gaba a kujerar roba. Shugabar kwamitin wata likita ce Bafulatana, Dakta Hajaratu, siririya cikin laffaya ruwan ƙasa, ba ta da yawan magana, sai kallo ta saman tabarau. A gefenta wani magatakarda yana rubuta duk abin da aka faɗa. Ma'aikatan asibiti suna tsaye a jikin bango, Sista Miriam a ƙarshe, ta sa wa rigarta sitaci har tana ƙara.

Mutane suka fara. Wani ya ce babu magani, kullum sai a ce je kemis. Wata ta ce fanfon burtsatse ya mutu tun bara. Wata ta ce da fitilar waya aka karɓi haihuwarta, rufi yana yoyo a kan gadon, amma Allah ya yi wa Sista Miriam albarka, da bokiti a hannu ɗaya ta yi aikin. Aka tafa. Likita ta ce, "Useko, na gode, na gaba." Na ga magatakarda yana gyaɗa kai. Na ce a raina aiki ya samu.

Sai Adda Rebeka ta miƙe.

"Ranki ya daɗe, ni ba na munafunci. Kowa yana yabo, ni kuka na kawo. Ga ƙanena can, mai shuɗiyar riga. Tun bara yake zuwa wurin yarinyar nan da hawan jini. Kullum ɗari da saba'in, kullum ɗari da saba'in! Na hana shi gishiri, na hana shi magi, na hana shi nama. Ku dube shi, ya rame kamar sandar rake. In ba ta iya ba ta ce ba ta iya ba, kafin ta kashe min maraya!"

Maraya. Ni, da furfurata.

Kowa ya juyo yana kallona. Likita ta ajiye biro ta cire tabarau.

"Wace ce ke duba shi?"

Sista ta tako gaba. "Ni ce, ranki ya daɗe."

"Tun bara jininsa bai sauka ba?"

"Bai sauka ba. Na ba shi magani, na tura shi babban asibiti."

"Ya je?"

"Bai je ko'ina ba!" in ji Adda. "Kullum yana nan, ita ta riƙe shi!"

Likita ta dubi Sista, muryarta ba ta tashi ba, amma gara a zage ka. "Kin ga bai je ba, kika ci gaba da auna shi kina sallamarsa? In ya faɗi a gareji ɓarin jikinsa ya shanye, wa za a tambaya? Irin wannan muka zo nema." Ta juya ga magatakarda. "Rubuta sunanta."

Na ga hannun Sista ya kama gefen rigarta. Shekarun da ta yi tana karɓar haihuwa a duhu, ga su za su tafi a kan miyata lami. Wayata ta yi ƙugi a aljihu. Jennifer ce, daga bencin baya.

"Baba tashi."

Ban motsa ba. Wayar ta sake ƙugi.

"In ba ka tashi ba ni zan tashi. Kuma ni har turaren zan faɗa."

Na miƙe.

"Likita, ni ne maras lafiyar da ake magana. Kafin a rubuta komai, ina roƙon abu ɗaya. Ki auna ni da hannunki. Amma Sista ta koma bayan asibiti tukuna, inda ba zan gan ta ba."

Likita ta kalle ni kamar wanda ya sha burkutu da safe. Mai unguwa ya ce, "Tobias, nan ba gareji ba ne." Na ce na sani, ranka ya daɗe, a auna ni kawai. Likita ta yi wa Sista alama, ta zaga baya. Aka kawo abin awo, aka zaunar da ni na huta, ina kallon tushen mangwaro ina tunanin kabureta. Likita ta ɗaura ta matsa.

"Ɗari da ashirin da biyar." Ta sake. "Haka ne. Lafiyarka ƙalau."

"Injin ƙarya ne!" in ji Adda.

Na ce, "To a kira Sista, da injin nan dai."

Ta dawo, ba ta san abin da ake ciki ba, idonta ya yi ja. Ta tsuguna a gabana. Ta gyara min hannun riga, ta tallafe gwiwar hannuna da tafinta kamar kullum. Tafin yana da sanyi. Na rufe ido, amma sabulun nan bai bar ni ba. Likita ta sunkuyo tana kallon allura da kanta.

"Ɗari da saba'in da biyar," in ji ta a hankali. Ta dubi injin, ta dube ni. "Malam, tsoronta kake ji?"

"Ni ban taɓa jin tsoron mace ba sai Adda Rebeka."

Aka fara dariya a baya.

"To mene ne?"

Masu karatu, na taɓa ɗaga keke da kafaɗa don a ciro wanda ya faɗa ƙarƙashi. Bai kai nauyin maganar nan ba. Amma ni ban iya kwana-kwana ba.

"Sonta nake yi. Shi ke nan. Ba ni da wani ciwo. Ta tura ni babban asibiti ba sau ɗaya ba, ni na ƙi zuwa, don can ba ta nan. Ita ta yi aikinta. In akwai sunan da za a rubuta, nawa ne, Tobias."

Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Daga nan wurin ya ɓarke. Matan zumunta suka riƙe ciki, direbobin keke suna buga benci, mai unguwa ya yi dariya har hularsa ta faɗi a cinyar magatakarda. Likita ta ja gefen laffaya ta rufe baki, amma kafaɗunta sun tona ta.

Da aka lafa ta ce wa magatakarda, "Soke wancan. Rubuta: ta gano, ta ba da shawara, ta tura shi gaba, shi ya ƙi." Ta juyo gare ni. "Kai kuma, ka sha maganin da ba ka buƙata, ka tare wa masu ciwon gaske layi. Kada ka ƙara. Sista, daga yau in allura ta ƙi sauka, ba wani ya gwada kafin ki ba da ƙwaya. Wannan ciwon nasa kuwa ba na ma'aikatarmu ba ne."

Kowa ya yi dariya ban da mutum biyu. Adda Rebeka ta gyara ɗaurinta ta bi ta gabana. "Wata da watanni ina dafa maka lami ina kuka a addu'a, ashe iskanci ne. Ka mai da ni abin dariya a gaban zumunta." Ta wuce. Sista kuwa ta naɗe abin awo ba ta kalle ni ba. Da murya ƙasa ƙasa ta ce, "Kada ka sake zuwa layina."

Na koma gida da takalmi a hannu.

Makonni suka wuce. A gareji sunana ya koma Oga Ɗari-da-saba'in. Direba zai faka ya ce, "Oga, duba min taya, amma kada ka kalli fasinjata, jininka zai hau." Na tura wa Sista saƙo: "Ina kwana." Alama ta nuna ta karanta. Shiru. Na sake: "Ki yi haƙuri." Shiru. Adda ta aiko a kwashe mata jakarta. Gishiri ya dawo kicin, amma wallahi abincin bai yi min daɗi ba.

Sai shekaranjiya da rana, ina kwance a ƙarƙashin keke, na ga ƙafafu sun tsaya a kaina. Takalmi mai ɗan tsini, ba na roba ba. Na leƙo. Atamfa kore da ruwan ƙwai, ɗinkin riga da siket, ɗan kunne, jaka a hammata. Ban taɓa ganinta ba farar riga ba. Na miƙe na buga kai da ƙarfe.

"An ɗauke ni," in ji ta.

"Allah mun gode! Sista, Allah mun gode!"

"An tura ni garin Mutum Biyu. Farkon wata zan kama aiki."

Sifana ta faɗi daga hannuna. Direbobin da ke zaune a benci duk suka yi kamar suna duba waya.

"Oga Tobias, ka san abin da ya ba ni haushi? Ba dariyar ba ce. Maganar da ka faɗa a gaban Nukkai gaba ɗaya, ni ba ka taɓa faɗa min ba. Tare da mai unguwa na ji ta, kamar sanarwar rigakafi. Yanzu ko kasuwa na shiga sai a ce ga matar bakanike, alhali ko lemo ba ka taɓa saya min ba."

Na goge hannu a wando. Na nemi magana mai daɗi irin ta samari, ban samu ba. Abin da ya fito shi ne, "A Mutum Biyu kekuna suna lalacewa?"

Ta dube ni. Wushiryar nan ta leƙo kaɗan, ta mayar da ita.

"Babura sun fi yawa."

"Na iya babur."

"To ka iya. Amma ni ba yarinya ba ce da za a bi ni da akwatin sifana. Yayana Elias yana Majidaɗi. Kafin in tafi, manyanka su je su same shi yadda ake yi. Manya na ce, ba kai da 'yarka mai dariya ba. In wata ya kama ba su je ba, ka bar ni in tafi da sunana." Ta juya ta tare keke, direban ya ƙi karɓar kuɗinta.

Masu karatu, iyayenmu sun rasu, kawunanmu sun rasu. A gidanmu babba ɗaya ta rage a duniya, kuma tun ranar taro ko gaisuwata ba ta amsawa.

Yau na sake wanke farce. Na sayi zakara, na riƙo shi a hammata, na taka har ƙofar gidan Adda Rebeka. Tun daga waje ina jin daka. Na yi sallama. Taɓarya ta tsaya.

"Wane ne?"

"Ni ne, Adda. Marayanki."

Sai na ji ta ce wa wata a ciki, da ƙarfi don in ji, "Caroline, miƙo min kujera, ki zauna ke ma. Yau za mu ji abin da ya kawo shi."